Amsa ga mai shirin kai mahaifinsa Kano a yi masa aiki

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce za ka kai Baba Kano a yi masa aikin prostate, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kai kuwa da Faransanci ka yi karatu, shi ya sa kake neman kalmomin Ingilishi na tiyata da na gwaje-gwaje da ya kamata ka riƙe. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na shafe fiye da shekara 20 ina aikin jinya a nan Damagaram, kuma na raka majinyata ta hanyar Matamaye da Ɗan Barto zuwa Kano ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Dogayen kalmomin nan da suke ba mutum tsoro su ne mafi sauƙi a gare ka, domin Faransanci da Ingilishi duk daga Girkanci da Latin suka aro su, ƙarshensu kawai ke sauyawa. Prostatectomie ta zama prostatectomy, wato cire prostate, appendicite ta zama appendicitis, wato kumburi, cystoscopie ta zama cystoscopy, wato leƙa mafitsara da na'ura. PSA kuwa, gwajin jini na prostate, PSA ne a ko'ina. Ɗakin da muke kira bloc su theatre suke ce masa, kuma daga nan ne Hausa ta samo kalmar tiyata, ka ga ke nan ka riga ka san wannan tun a gida.

Inda ake tuntuɓe shi ne gajerun kalmomin da suka yi kama da namu alhali ma'anarsu daban. Zuwana na farko da goggona, likita ya duba ta ya ce a je a yi scan. Ni da nake tinƙaho da aikin jinya, nan take na fassara wa ƴan'uwa cewa scanner za a yi mata, har muka buga waya gida a harhaɗo ƙarin kuɗi, goggo kuma ta kwana ba ta runtsa ba don ta ɗauka ciwon ya yi tsanani. Da gari ya waye sai ga mu a ɗakin échographie, ana shafa mata man nan mai sanyi a ciki. A bakin ma'aikatan can, scan kaɗai galibi hoton ultrasound ne. Abin da muke kira scanner sunansa CT scan, IRM kuma MRI, radio kuwa X-ray. Haka nan angine a wurinmu ciwon maƙogwaro ne, amma angina a Ingilishi ciwon ƙirji ne da ke tasowa daga zuciya, saboda haka kada ka kuskura ka ce Baba ya taɓa yin angina alhali maƙogwaronsa ne ya yi ciwo, domin mai ba da allurar barci ba zai ɗauki wannan magana da wasa ba. Idan kuma aka tambaye ka drugs ɗin da yake sha, ba zargin shaye-shaye ake yi masa ba, magungunansa ake nufi.

Lambobi ma suna da nasu tarkon. Mu nan mun saba cewa tension ɗin mutum 14/9 ne, su kuwa blood pressure ko BP suke cewa, su rubuta 140/90, awo ɗaya ne aka ninka sau 10. Awon sukari ya fi ruɗarwa: takardunmu na nuna g/L, nasu kuma mmol/L ko mg/dL. Iyakar da ake fara maganar ciwon sukari ga wanda bai karya kumallo ba ita ce 1.26 a namu, 7.0 ko 126 a nasu. Na taɓa ganin dattijo ya kusa suma don ya ga 5.5 a takardarsa, alhali hakan daidai yake da gram 1, lafiya lau.

Kafin a shiga da shi za a miƙo muku consent form, takardar amincewa da aikin, kuma haƙƙinku ne a yi muku bayaninta da Hausa kafin Baba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Za a yi FBC, wato NFS ɗinmu, gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, za ka kuma ji ana yawan ambaton PCV, wanda shi ne hématocrite, da shi suke auna ko jini ya isa. Idan aka ce ku kawo donor, mai ba da jini ake nema, gara ku tafi da wanda kuka san rukunin jininsa. In ka ga an rubuta NPO ko nil by mouth a jikin gado, ma'anarsa à jeun, ko ruwa kada ya shiga bakinsa sai an ba da izini. Wannan ita ce dokar da ƴan jinya suka fi karyawa saboda tausayi, a ɗan ba majinyaci kunu a ɓoye, ƙarshe a ɗaga aikin, domin abin da ke ciki na iya komawa huhu idan an sa mutum barci. Allurar kanta iri biyu ce za ka fi ji: general anaesthesia mai sa barci gaba ɗaya, da spinal, wato rachi, wadda ake yi a gadon baya ta kashe daga ƙugu zuwa ƙasa. Ka gaya musu idan yana shan aspirin ko wani maganin tsinka jini, da duk maganin da jikinsa ba ya karɓa, wanda suke kira allergy.

Bayan aiki kalmomin ba su da yawa. Sonde, wato robar fitsari, ita ce catheter, ƙarin ruwa drip, pansement dressing, zaren ɗinki stitches, réanimation kuma, ɗakin kulawa ta musamman, ICU. Discharge tana da fuska biyu, sallama daga asibiti ko ruwan da ke fita daga ciwo, sai ka lura da zancen da ake yi. A ordonnance, wadda suke kira prescription, od sau 1 ne a rana, bd sau 2, tds sau 3, nocte kuwa da dare.

Yawancin ma'aikatan da za ku tarar suna jin Hausa, sai dai ka tuna mu nan likita wuri ne da ake zuwa, mai duba mutum kuwa lokotoro, a can kuma likita shi ne mutumin, wurin asibiti. Ka tafi da duk tsofaffin takardun Baba ko da da Faransanci suke. Ranar sallama ka nemi discharge summary, ka kuma tambayi ranar da sakamakon histology zai fito, wato anapath, gwajin naman da aka cire, domin shi ne abu na farko da lokotoron da zai ci gaba da duba Baba a nan Zinder zai tambaye ka.