Kasuwa ta tsaya, ana bina bashi: in sayar da gidana ko in daure?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar dabbobi ne a nan Damagaram. Shekara 17 ina sayen raguna da shanu a kasuwannin wajen Tanut ina kaiwa Maigatari da Mai'aduwa. Tun rufe iyaka na 2023 da faɗuwar naira jarina yake zaizayewa. Yanzu wani gidan rance na bina miliyan 3 na sefa mai ruwa, abokan sana'a kuma suna bina miliyan 1 da rabi. Ina da gidan siminti a Garin Malam, mita 500, a bakin hanya, ni da mahaifiyata da matana biyu da ƴaƴa 9 muke ciki. Shekarun baya an taya shi miliyan 19 na ƙi, yau ga dillali ya kawo mai miliyan 14, kuɗi hannu. Takardar filin har yanzu da sunan wanda ya sayar mini take. In sallama in biya bashi, in kama haya, in juya abin da ya saura? Ko in daure?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya yaye, Ya rufa asiri. Amsata a taƙaice: a wannan tayin kada ka sallama. Amma ba zan bar ka da “daure” kawai ba, domin mai bin bashi ba ya cin haƙuri. Bari mu zauna mu yi lissafi irin na bakin turke.

Abin da ya same ka ba sakacinka ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyakar Najeriya ta rufe har cikin Maris na 2024. A daidai lokacin kuma Najeriya ta saki naira: dalar da ake samu a wajen naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kai kana sayen rago da sefa, wadda ke ɗaure da yuro, kana sayarwa da naira mai narkewa kafin ka dawo Magarya. A 2025 kuma, gab da Sallar Layya, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje. Na kawo wannan ne don ka lura da abu guda: ramin da ya cinye jarinka na farko har yanzu bai cike ba. Duk kuɗin da ka zuba a hanyar nan yau, ramin nan za su tarar.

To, a ce ka sallama a miliyan 14. Cire bashi, saura miliyan 9 da rabi. Cire la'adar dillali, da kuɗin gyaran takarda wanda mai saye zai nemi a ɗora maka tunda sunanka ba ya kanta, da hayar watannin farko da mai gida zai ce a ba shi gaba, da ɗaukar kaya. Da wuya ka tashi da fiye da miliyan 9. Yanzu gidan da zai ɗauki mutum 13, kowace mace da ɗakinta, tsohuwa da nata, samari da nasu, mu ƙaddara jaka 60, wato sefa dubu 60, a wata. Kai ka fi ni sanin unguwarku, ka sa adadin gaskiya. A shekara jaka 720 ke nan. Ma'ana, miliyan 9 ɗin nan dole su haifi kashi 8 cikin 100 kowace shekara don kawai ku kwana a ƙarƙashin rufi, ba a yi maganar gero ba, ba a yi maganar makaranta da asibiti ba. Ga zakka: gidan da kake zaune ciki babu zakka a kansa, amma kuɗi ko dukiyar kasuwanci da suka shekara ana fitar musu da kashi 2 da rabi, wato jaka 225 a miliyan 9.

Ga wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, da ta fara aiki a 2014 ta tsayar da iyakar kuɗin ruwa a kashi 15 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan gidajen rance. In an ɗora maka mafi tsada, miliyan 3 ɗinka na cin kusan jaka 60 a wata. Ka ga daidai da hayar da za ka shiga. Wato za ka tsere wa jaka 60 na ruwa ka faɗa jaka 60 na haya. Bambancinsu, ruwan yana raguwa duk lokacin da ka rage uwar kuɗin, ranar da ka gama biya ya mutu. Haya kuwa ba ta da ranar ƙarewa, kuma mai gida na iya ƙara ta ko ya ce ɗansa zai yi aure ku tashi.

Akwai wani abu kuma da takardar lissafi ba ta nunawa. Ranar da aka ji Alhaji ya sayar da gida, a daren za a fara sallama a zaure. Wannan matarsa na asibiti, wancan za a kore shi daga shago, ga ƙanwa da za a yi wa kayan ɗaki. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a ɓalle masa bulo biyar daga katangarka, amma kuɗi a hannu kowa na da haƙƙi a cikinsu, kuma kai ba za ka iya hanawa ba. Na ga magidanta da dama da suka yi irin wannan ciniki da kyakkyawar niyya, bayan damina biyu babu gidan babu kuɗin. Dattawan Kasuwar Dole kuma za su ba ka labarin Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Mai kuɗi a akwati ya wayi gari da rabin ƙarfinsa wajen sayen kayan waje, mai gida kuwa gidansa na nan yadda ya bar shi. Ba ina cewa gobe za a maimaita ba ne. Ina nuna maka wanne ya fi jure girgiza tsakanin bango da takardar kuɗi.

Sai batun miliyan 19 da ta koma 14. Ka cire 19 ɗin nan daga ranka, tayin da ba a karɓa ba ya wuce. Amma 14 ɗin ma ba ita ce darajar gidanka ba. A lokacin matsi, farashin gidaje a garuruwanmu ba ya faɗuwa a fili kamar na gero bayan kaka. Masu saye ne ke ɓacewa. Waɗanda suka rage ƴan kaɗan ne masu kuɗi a ajiye, kuma ba gida suke nema ba sai na wanda wuƙa ta kai wa wuya. Dillalin da ya zo maka ya san ana binka bashi, ya san takardarka ba ta cika ba, kuma la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa. Ban ce macuci ba ne, sana'arsa yake yi. Sai dai shi ba zai kwana a gidan haya da ƴaƴa tara ba. Cikin miliyan 5 da aka zaftare, wani kaso na halin kasuwa ne, wani na gaggawarka ne, wani kuma na takarda. Biyun ƙarshe suna hannunka.

Saboda haka ko za ka sayar ko ba za ka sayar ba, fara da takarda. Nemi mutumin da ya sayar maka tun yana raye. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don in ya rasu sai ka bi magadansa ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu ba a rasa wanda zai ce bai san da cinikin ba. Ku je ma'aikatar magajin gari a juya takardar filin, wadda ake kira akt-da-sesiyon, zuwa sunanka. In da hali ka wuce ofishin kula da filaye ka nemi cikakkiyar takardar mallaka, titir fonsiye. Akwai ma mai sauƙin nema da ake kira Sheda. Gida mai takarda da sunan mai shi yana jawo ma'aikaci da ɗan gari mazaunin waje, masu biyan kuɗi da daraja, waɗanda ba sa kusantar gidan da ke da ƙura.

Yanzu ina za a samo miliyan 3 na gidan rance? Shi ne mai cizo, shi za a fara kashewa. Abokan sana'arka ba sa ɗora maka ruwa; ka ɗauki dattijo guda daga cikin manyan kasuwa ku same su, a rubuta wa'adi da abin da za ka riƙa bayarwa. Mutumin da ya zo da ƙafarsa ya yi bayani ana ɗaga masa, wanda ya kashe waya ne ake kai wa ƙara. Gidan rancen ma ka je kafin su zo, ka nemi a shimfiɗa maka biyan a kan watanni masu yawa. Sau da yawa sun fi son haka da shiga kotu.

Sannan ka dubi abin da kake da shi wanda ba a kwana a cikinsa. Kangon fili a bayan gari, mota, babur na biyu, sauran dabbobin da ke cin dusa ba sa kawo komai. Waɗannan su ne na sayarwa kafin a taɓa gida. In babu, to gidanka da kansa yana da abin bayarwa. Mita 500 a bakin hanya dukiya biyu ce a haɗe. Za ka iya fasa katangar gaba ka fitar da shago biyu ko uku. Siminti ma an rage masa kuɗi a ƙarshen 2024 bayan ambaliya. Za ka iya ware ɗakunan samari da ƙofarsu daban ka sa ƴan haya, ga ɗaliban Jami'ar André Salifou da ƙananan ma'aikata kullum cikin neman ɗaki. In kuma pamponka na kawo ruwa, ka riƙe wannan da daraja, domin a garin da ke zaune kan dutse, ake jawo masa ruwa daga Gogo da Arunguza, gidan da ba ya jiran ƴan ga-ruwa ba ya rasa mai so. Hanya ta ƙarshe a wannan layin ita ce yanka: a kira mai awon filaye, da amincewar magajin gari, a cire mita 150 ko 200 ta gefen hanya a sayar. Tsakar gida za ta ƙuntata, matan za su yi ƙorafi, amma bashi ya mutu kuma kowa na ɗakinsa. Wannan ma ba ya yiwuwa sai takarda ta dawo sunanka.

Jingina kuwa ka yi hattara da ita. Wani zai ce ya ba ka miliyan 3 ya riƙe takarda, ko ya riƙa karɓar hayar wani sashe har ka biya. Malamai da yawa suna ganin cin amfanin abin jingina saboda rance riba ce, ka tambayi malaminka. Ta fuskar duniya kuma, gidaje da yawa ta wannan ƙofar suka fita a rabin kuɗinsu.

Akwai halin da ni da kaina zan ce maka sayar, kuma kada ka tsaya jan ƙafa. In ka riga ka ajiye takardar gidan a matsayin jingina a gidan rancen, ka kasa biya wata da watanni, har an fara aiko maka da takardun kotu, to gara ka sayar da hannunka da a yi gwanjonsa, don gwanjo ba ya duban darajar gini. Haka in bashin ya kai rabin kuɗin gidan, ba kashi ɗaya cikin uku kamar naka ba. Haka in gidan na cikin kwari ko bakin tafki, ruwa na shiga duk damina. Daminar 2024 da ta rushe tsohon masallacin unguwar Birni, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye, ta nuna mana cewa gini ma yana da ajali. Gidan da ke cin kuɗin gyara duk shekara ba ajiya ba ne. Naka na siminti ne, ba ka kuma ambaci ruwa ba, don haka ban sa ka a wannan sahun ba.

Ko a irin wannan halin, ba a fita daga gida zuwa haya in akwai yadda za a yi. Ana fita daga babban gida zuwa ƙarami. Ka fara samun wanda za ka koma, ko da a sabbin unguwannin gefen gari ne, a tsayar da kuɗinsa, sannan ka sallama naka, cinikin biyu a mako guda, a gaban noter, mai tabbatar da takardun ciniki bisa doka, kuɗi ta banki. Cikon da ya rage shi ne na bashi. Kada ka karɓi kafin alƙalami daga kowa kafin ka san inda tsohuwa za ta shimfiɗa tabarmarta.

Kafin komai kuma ka zaunar da mahaifiyarka da matanka ka faɗa musu adadin bashin da bakinka. Mu maza mun iya ɓoye irin wannan har sai mai saye ya shigo duba ɗakuna. Ba mamaki a cikin gidan akwai mai adashen da ya kusa fita, ko mai tumaki a ƙauye, da za ta fi son ta ranta maka a rubuce da ta ga an ɗora gadonta a kan amalanke.

Shi kuwa dillali, ka ce masa gidan ba na sayarwa ba ne a bana. Ka ba kanka wata shida: takarda ta dawo sunanka, an shimfiɗa biyan rance, shago ko ɗakin haya ya fara kawo wani abu. In wata shidan sun cika uwar bashin ba ta ragu ba ko kaɗan, sai ka kira dillalai uku daban-daban, kowa ya kawo nasa mai saye, ka fara da tayin yankin gaba.