Mai zane, kada ka ɗora hannu sai ka ga kafin alƙalami

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne a Samaru, ina cin gashin kaina: bangon littafi, tambarin shago, takardar da ake manna wa robar kaya. Na yi wa wata Hajiya mai sayar da yaji zane, ta sa ni gyara har na gaji, ta biya rabi ta yi shiru. Yanzu ga shi a allon tallarta da Instagram. Aiki ba ya yanke mini, amma aljihu wayam. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin ya taɓa ni, domin hannunka ba shi da laifi, cinikin ne ka bari a buɗe.

Daga yau kada ka buɗe kwamfuta sai an ba ka rabin kuɗi kafin alƙalami. Ka tura saƙo ko da ta WhatsApp ne: ga abin da zan zana, ga inda za a yi amfani da shi, gyara sau 2, na 3 da kuɗinsa. Mai kaya ya amsa da "na yarda", sannan ka fara. Samfurin da za ka nuna ya zama ƙarami, da sunanka a gicciye a kansa. Cikakken fayil sai cikon kuɗi ya shigo.

Inda za a yi amfani da zanen, nan kuɗinka yake, kuma nan masu zane suka fi yin asara. Zanen da zai zauna a robar yaji kaɗai daban, wanda zai hau allon talla da intanet daban, ko da wahalar zana su ɗaya ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanka: zane na wanda ya zana ne muddin ba a yi wata yarjejeniya ba, kuma sayar da haƙƙin ɗungurungum ba ya tabbata sai a rubuce. Mai son fayil ɗin asali na manhajar zane ta CorelDRAW ya saye shi daban, da tsada, don daga ranar ba ya bukatarka.

Hajiya kuwa, ka je da kanka ka gaishe ta, ka nemi cikonka cikin mutunci. Mai yaji za ta sake bukatar zane.

Kada ka raina Zariya. Kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) yana buga littattafai a nan tun 1966, kuma sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya sa garin ya san darajar wannan sana'a. Ka ƙulla hulɗa da masu ɗab'i na Sabon Gari, su ne ke fara jin wanda ke neman zane. Ka riƙa kai musu fayil a CMYK (tsarin launukan injin ɗab'i), 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), domin jan da ke ƙyalli a waya yakan dushe a takarda. A buga kwafi ɗaya mai kaya ya gani ya amince, kafin a saki injin.