Amsoshin Tambayoyinku: Kafin a Biya Kuɗin Jirgin Ruwan Shaƙatawa Na Hannu

Wasiƙu uku suka iso a kan sayen jirgin ruwan shaƙatawa mai inji wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, irin jiragen da ake gani a ɗaure a mashigin ruwan da ke tsakanin Ikoyi da Victoria Island a Legas. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowacce tana ƙarasa ta 'yar'uwarta.

Tambaya ta farko: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ɗan asalin Kano, mazaunin Legas. Wani dillali ya nuna mini jirgi ƙirar Princess na shekarar 2008, tsawonsa mita 14, yana ajiye a Palma ta tsibirin Mayoka a ƙasar Sifaniya. Ya turo hotuna da bidiyo da rahoton duba jirgin da aka yi shekara biyu da suka wuce, yana cewa in tura kashi 10 cikin ɗari kada wani ya riga ni. Shin rahoton nan ya wadatar?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Rahoton nan bai wadatar ba, kuma ina roƙonka kada ka dogara da shi. Wani ne ya biya aka rubuta masa shi don bukatar kansa, wanda ya rubuta shi ba ya ɗauke da alhakinka ko kaɗan, sannan shekara biyu a cikin ruwan gishiri sun isa su sauya halin jirgi. Abin da kake bukata shi ne ƙwararren mai duba jirgi wanda kai ka nemo, kai ka biya, kuma kai kaɗai zai miƙa wa rahoto. Kada ka bar dillali ya zaɓa maka shi, domin a wannan kasuwar mai sayarwa ne ke biyan la'adar dillali, kuma ba ya samunta sai ciniki ya faɗa. Akwai ƙungiyoyin masu wannan sana'a da ke wallafa sunayen mambobinsu, kamar IIMS da YDSA masu hedikwata a Ingila, da SAMS da NAMS a Amurka, kuma daga nan ya kamata ka fara nema.

Kashi 10 da ya ambata al'ada ce ta kasuwar, ba abin zargi ba ne a kan kansa. Abin dubawa shi ne inda kuɗin zai zauna da sharaɗin da zai zauna a kai. Kafin alƙalami irin wannan yana shiga asusun amana na kamfanin dillancin ne, bayan an sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya wadda ta fayyace cewa cinikin ya rataya a kan gwajin jirgin a teku da sakamakon bincike, kuma za a mayar maka da kuɗinka idan ka ƙi jirgin cikin wa'adin da aka yanka. A tekun Bahar Rum dillalai da yawa suna aiki da takardar yarjejeniya ta ƙungiyarsu ta MYBA. Ka ba lauya ya karanta maka ita, musamman wurin da aka rubuta kwanakin da kake da su na amincewa ko janyewa. A fiƙihunmu mun san mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, amma waɗannan yarjejeniyoyi galibi suna cewa da zarar ka karɓi jirgi, ka karɓe shi ne yadda yake, da aibinsa da komai. Saboda haka duk binciken da za ka yi, kafin karɓa ne yake da amfani.

Wajen binciken, dole ne a fitar da jirgin daga ruwa. Kuɗin ɗaga shi da na'urar ɗaukar jirage yana kan mai saye, kuma na sha ganin mutane suna ƙyashin biyansa, alhali rabin abin da suke shirin saya yana ƙarƙashin ruwa inda bidiyo ba ya kai wa. Jikin irin waɗannan jirage na faiba ne, kuma idan ya daɗe a ruwa, damshi yana ratsa fatarsa ta waje ya taru a ciki, har ya tayar da bororo waɗanda idan aka huda su wani ruwa mai warin tsami yake fitowa. 'Yan ƙananan bororo a tsohon jirgi ba sa nutsar da shi, abin rage farashi ne kawai. Amma idan sun yi yawa kuma sun yi zurfi, gyaransu sai an kankare fatar gaba ɗaya, an bar jikin ya bushe na tsawon watanni, sannan a sake shafe shi. Mai duba jirgi zai bi jikin da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa yana sauraron inda sauti ya mutu, alamar faifan faiba sun rabu da juna, zai kuma auna damshi da mita. Haka zai yi wa daɓen sama, wanda sau da yawa akwai katako mara nauyi a tsakiyarsa, kuma idan ruwa ya shiga ta ramin kusoshi sai katakon ya ruɓe a ɓoye, daɓen ya riƙa lotsawa a ƙarƙashin ƙafa.

Tun jirgin yana rataye za a duba farfela da sandar da ke juya ta, ko akwai lanƙwasa ko girgiɗi, da 'yan dunƙulen ƙarfen da ake maƙalawa domin gishiri ya ci su a maimakon ya ci farfela. Abin da na fi so ka sa ido a kai shi ne bawul-bawul ɗin da ke kan ramukan da aka huda a ƙasan jirgi don shigar ruwan sanyaya inji da fitar ruwan bayan gida. Kowanne ya buɗu ya rufu da hannu ba tare da gardama ba, tiyon da ke jikinsa kuma ya zama mai lafiya. Jirage da yawa suna nutsewa ne a wurin ɗaurinsu, ba a tsakiyar teku ba, kuma tiyo guda da ya tsage cikin dare ya isa.

Sai takardu. A bayan jirgin, ta ɓangaren dama, akwai lambar jiki da aka zana tun daga masana'anta, kuma wajibi ne ta yi daidai da wadda ke cikin takardar rajista da takardun cinikin da suka gabata. Ka sa lauya ya tabbatar babu bashin banki ko na ma'ajiyar jirage a kansa, domin irin wannan bashi yakan bi jirgin ne duk hannun da ya koma. Ka nemi takardar soke rajistarsa ta can, wadda za a bukata idan ka zo yin sabuwa a Najeriya, inda hukumar NIMASA ke riƙe da rajistar jiragen ruwa, NIWA ke kula da hanyoyin ruwan cikin gida, LASWA kuma ke aiki a ruwan Jihar Legas. Ka kuma duba farantin alamar CE, mai nuna irin ruwan da aka ƙera jirgin dominsa, wadda ta zama tilas a Tarayyar Turai tun 1998: rukunin B an ƙera shi don igiyar ruwa har mita 4, rukunin C kuma har mita 2. Idan iyakarka Tarkwa Bay da Ilashe ta cikin rafuka, C ya ishe ka, amma mai niyyar fita bakin teku ya nemi B. Kuma ka je da ƙafarka, Alhaji, ka tsaya a wurin ranar binciken, domin gani ya kori ji.

Tambaya ta biyu: "Malam, akwai jirgin wani maƙwabcina a nan Ikoyi, injinsa biyu na dizal, awa 300 kacal suka yi, amma shekara uku ke nan yana ɗaure ba a fita da shi. Ya yi mini farashi mai sauƙi. Ƙarancin awannin nan ba alheri ba ne?"

Malam, na fahimci abin da ya ja hankalinka, domin a mota ƙarancin tafiya abin so ne. A jirgin ruwa kuwa zama ya fi aiki lalata inji. Injin dizal na kamfanoni irin su Volvo Penta, Caterpillar, Cummins ko MAN yana yin dubban awanni idan ana kula da shi, kuma na fi natsuwa da wanda ya yi awa 1,200 da cikakken littafin sabis da rasitai, a kan mai awa 300 da ba wanda ya san ranar da aka canja masa baƙin mai. Injin jirgi da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa, don haka idan ya zauna, gishiri yana daskarewa a cikin bututun sanyaya, robar famfon ruwa tana bushewa ta kakkarye, tsatsa tana cin maƙogwaron salansa. A cikin tanki kuma raɓa tana taruwa a ƙarƙashin man, wasu ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama baƙar dagwalo da ke toshe matata daidai lokacin da igiyar ruwa ta girgiza tankin.

Ga abin da za ka yi. Ka ɗauko makanikin injin jirgi, wanda ya san wannan ƙirar, ya sa kwamfuta ya karanta awannin daga ƙwaƙwalwar injin idan na zamani ne, domin agogon da ke gaban matuƙi ana iya canja shi. Ka sharɗanta cewa a gabanka za a fara tayar da injin yana sanyi, ka taɓa shi da hannunka ka tabbatar, saboda injin da aka ɗumama kafin zuwanka yana ɓoye wuyar tashi. Daga nan a fita ruwa, a yi tafiya ta aƙalla awa guda, a kuma buɗe totur gaba ɗaya na 'yan mintoci. Kowane inji yana da adadin juyi a minti da masana'anta ta rubuta masa, kuma idan bai kai shi ba, ko zafinsa ya riƙa hawa, akwai dalili, ko da dattin da ya manne a ƙasan jirgin ne, kuma sai an gano shi kafin a yi maganar kuɗi. Ka kalli hayaƙi: baƙi yana nuna man da bai ƙone ba ko nauyi ya yi wa injin yawa, shuɗi yana nuna yana shan baƙin mai, farin da ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi kuma yakan nuna matsalar allurar mai ko ta ruwan sanyaya. Bayan an dawo, a ɗebi baƙin man inji da na giya a kai ɗakin gwaji, inda za a ga ɓurɓushin ƙarfe ko alamar ruwan gishiri.

Ka lura da wani abu na Legas musamman. Ruwanta yana ɗauke da leda da ciyawar nan mai shawagi kamar kainuwa, waɗanda ke toshe mashigar ruwan sanyaya, don haka ka tambaya ko injin ya taɓa yin zafi fiye da kima. A jirgi na hannu irin wannan, injuna biyun kaso ne mai tsoka na darajarsa, kuma sauƙin da maƙwabcinka ya yi maka zai iya ƙarewa a gyaran ɗaya daga cikinsu. Maƙwabtaka kuma ba ta hana rubuta yarjejeniya, hasali ma rubutun ne zai kare ta.

Tambaya ta uku: "Malam, ƙanena da ke Amurka ya ce jirage sun fi araha a Fulorida, in bar na Turai. Me ka gani?"

Hajiya, gaskiya ne kasuwar Fulorida babba ce kuma akwai zaɓi da yawa, amma ki riƙe abu biyu. Na farko wuta: jiragen Amurka an haɗa su ne a kan bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, Najeriya kuwa tana kan 230 da 50 kamar Turai, don haka na'urar sanyaya ɗaki da cajar batir da firji za su bukaci tiransifoma ko canji, ko ki dogara da janaretan jirgin kullum. Na biyu guguwa: a watan Satumban 2022 guguwar Ian ta lalata jirage masu ɗimbin yawa a yankin Fort Myers, kuma jiragen da kamfanonin inshora suka biya diyyarsu sukan koma kasuwa bayan an yi musu kwaskwarima. Ki sa mai duba jirgi ya nemi layin tabon ruwa a ɗakin inji da koren tsatsa a bakin wayoyi, ki kuma sa mai sayarwa ya rubuta cewa jirgin bai taɓa nutsewa ba.

Kafin ki kwatanta farashi, ki ɗora kuɗin dakon jirgin a kan babban jirgin kaya, da inshorar hanya, da harajin kwastan, wanda ya kamata ejan kwastan ya lissafa miki tun kafin ki saya. Masu harkar sukan kiyasta cewa riƙe jirgi yana cin wajen kashi 10 cikin ɗari na darajarsa a kowace shekara, tsakanin wurin ɗauri, sabis, fentin ƙasa, inshora da albashin matuƙi. Man ma abin lissafi ne, domin injuna biyu masu ƙarfin doki 500 kowanne suna shan kusan lita 200 a awa idan aka buɗe musu wuta. Ki fara tambayar makanikan Legas ƙirar injin da suke iya samun kayan gyaransa cikin mako guda, sannan ki faɗa wa ƙanenki ya nemo jirgi mai wannan injin.