Amsa kan tazarar shukar cikori da lokacin haƙarsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko matse shuka zai ƙara maka amfanin cikori, da kuma yaushe ake haƙa, tunda kana son gwadawa a filinka na Ikorodu.

Saiwa ake nema a cikori, kamar karas. Ita ake gasawa a niƙa a gauraya da kofi. Manoman Beljiyam da Faransa kan bar santimita 45 tsakanin layuka, hekta ɗaya ta ɗauki tushe wajen 150,000. In ka cunkusa, saiwar za ta fito siririya kamar ɗan yatsa, ka sha wahalar haƙa a banza. In tazarar ta yi yawa kuma, kowace saiwa ta yi ƙiba amma jimilla ta ragu, ciyawa ta samu wurin zama. Ka rage shi tun yana ɗan ganye uku ko huɗu, kada tausayi ya hana ka.

Haƙa sai ya yi wata biyar zuwa shida. Jinkiri yana ƙara nauyi, sai dai a Turai idan sanyi ya shigo, sinadarin inulin da ke cikin saiwar yakan fara rikiɗewa zuwa sukari.

Mu nan Legas ruwa ne abin tsoro, wallahi. Cikori ɗan ƙasa mai sanyi ne, ƙasa mai riƙe ruwa kuma ruɓar da saiwa take yi. Duba karas ɗin kasuwar Mile 12, ai daga Arewa ake sauke shi. Ka ɗaga kunya sosai, ka shuka ƙarshen damina, ka fara da kunya biyu masu tazara daban, sannan ka auna su. Allah ya ba da sa'a.