An ce tsada ta lafa: in ci bashi in cika sito, ko in jira?

Wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a babbar kasuwar Garwa ya aiko mini da tambaya. Yana saro shinkafa, sukari, man girki da sabulu daga Duwala, wasu ƙananan kaya kuma daga Mubi. Ya ce kullum yana ji a rediyo cewa tattalin arzikin Kamaru na bunƙasa, hauhawar farashi kuma na sauka, amma shi bai ga kayan da suka sauka ba. Ga kuma raɗe-raɗin za a karya darajar sefa. Shin ya ci bashin banki ya cika sito tun yanzu, ko ya riƙe kuɗinsa har kaya su yi araha?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsata a taƙaice ita ce kada ka jira araha, kuma kada ka ci bashi don tara kaya. Bari in faɗa maka dalili.

Rediyo ba ta yi ƙarya ba, idonka ma bai yi ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashi ya hau da kashi 6.3 cikin ɗari a 2022, da kashi 7.4 a 2023, sannan kashi 4.5 a 2024. Abin da ya ragu shi ne saurin hawan, kamar tirela mai hawa tudun Ngaundere da ta rage gudu amma har yanzu sama take yi. Lissafa da kanka: cefanen da ake yi da sefa 10,000 a 2021 ya kai wajen 11,900 a 2024. Ko da an dawo kan kashi 3, wato iyakar da ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, suka sa wa kansu, a kan wannan 11,900 ɗin za a ɗora. Kuɗin da ka ajiye a akwati kana jiran tsohon farashi, raguwa yake yi kana kwance.

Batun bunƙasa ba zan daɗe a kansa ba. Shekarun nan tana tsakanin kashi 3 zuwa 4, alhali jama'a na ƙaruwa da sama da kashi biyu da rabi, don haka abin da ke isa hannun kowane mutum kaɗan ne. Kuma mai yawa daga cikinta a kudu yake, wajen koko da iskar gas ta Kiribi da tashoshin jiragen ruwa. Aljihun mai sayenka yana cika ne in SODECOTON ta biya kuɗin auduga, in albasa ta yi daraja, in shanu sun yi kasuwa. Waɗannan za ka sa wa ido.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne aljihun gwamnati, don daga nan ne zafin ke zuwa shagonka. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta ƙone a watan Mayun 2019, daga waje ake sayo tataccen mai. Tallafin man ya ci wa gwamnati sama da sefa biliyan 1,000 a 2022, nauyin da ba za ta iya ci gaba da ɗauka ba, ga Asusun Lamuni na Duniya da ta ƙulla shiri da shi a 2021 yana matsa mata ta rage. Shi ya sa a Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga 630 zuwa 730, gazuwal, wato man dizal, daga 575 zuwa 720. Bayan shekara guda fetur ya koma 840, gazuwal 828. Kowane buhun shinkafar da ke shagonka ya sha wannan gazuwal ɗin tun daga Duwala, ko dai a mota tun farko ko bayan jirgin ƙasa ya sauke shi a Ngaundere, sannan ya bi waccan hanyar da duk ɗan Garwa ya san halinta. A da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, na rage mana raɗaɗi, sai Tinubu ya cire tallafin Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, ita ma ta yi tashin gwauron zabo.

Gwamnatin da man da take haƙowa ke raguwa, bashi kuma na jiran biya, ina za ta juya in ba wajenku ba? Tun Janairun 2022 ake cirar kashi 0.2 a kuɗin da ake turawa ko cirewa ta waya. A ganina nan gaba kaɗan za a ƙara tsananta karɓar haraji da kuɗin duwan, wato kwastan, ko da ba a ƙara farashin mai ba. Ka gyara takardunka, ka riƙe rasit na duk abin da ka biya. Kuma don Allah, in ɗan kwangila ya zo ɗaukar kaya bashi yana cewa sai gwamnati ta biya shi, ka ba shi haƙuri. Na ga mutanen kirki da jarinsu ya maƙale a haka shekara da shekaru, abin yana ci mini rai.

Zancen karya sefa kuwa, na san inda tsoron ya samo asali. Duk wanda ya yi wayo a Janairun 1994 bai manta yadda aka wayi gari kuɗi ya zama rabi ba. Amma har yau yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma shugabannin yankin sun taru a Yawunde a Disambar 2016, sun sake taruwa a Disambar 2024, duka biyun ba a karya ba. Abin da suka zaɓa shi ne tsuke bakin aljihu, babban bankin yankin, BEAC, kuma ya tsaurara bashi. A Maris na 2023 ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 5. Wanda za a yanka wa ɗan kasuwa irinka ya fi haka nesa ba kusa ba. To in kaya za su hau da kashi 4 ko 5 a shekara, kai kuma kana biyan ruwan da ya ninka haka, ga hayar sito, ga ɓera da danshin damina, wa ka yi wa aiki? Ban ma taɓo maganar riba a addini ba, wadda ka fi ni sani.

Kwanan baya na zauna a shagon wani ɗan'uwana da yamma. Wata mata ta zo da 'yar kwalba aka auna mata man 200, ta sa aka raba mata sandar sabulu biyu. Katan-katan na manyan galan suna bayansa sun yi ƙura. Kasuwar yau ke nan: mai saye yana nan, amma da ɗan abin da ke hannunsa. Saboda haka ka sayi abin da zai ƙare cikin mako uku ko huɗu, ka fi ƙarfi a ƙananan ƙulli, ka juya kuɗin sau da yawa. In za ka sa farashi, ka kira Duwala ka ji nawa za ka sake saro shi yau har da kuɗin mota, a kan wannan za ka ɗora ribarka. Wanda ke sayarwa a kan tsohon sari yana cin uwar kuɗinsa ne yana tsammanin riba yake ci.

Kayan Mubi su ma haka. Naira tana iya motsawa cikin mako guda, don haka ka canza daidai abin da za ka kashe ranar sari, sauran ka bar shi a sefa.

In har kana son tara wani abu, to da kuɗinka ko na adashi, kuma a kaka: masara ko dawa, gwargwadon abin da ba zai hana ka zuwa sari ba. Ka fitar da shi kafin sabon hatsi ya shigo.