Farashin kayan sola na ta sauka: in saya ko in jira?

Tambaya: Malam, ni tela ne a Zariya, ina da kekunan ɗinki uku masu aiki da wuta. Na tara kuɗin sola, amma duk sanda na leƙa kasuwa sai in tarar farashi ya ɗan ragu. Abokina ya ce in dakata ya ƙara faɗuwa. Me za ka ce?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a sana'a. Abokinka ya hango ragin kasuwa, amma bai lissafa man da janaretarka ke sha ba. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ɗauki littafin da kake rubuta awon mutane, ka buɗe shafin baya, ka rubuta kuɗin mai na mako biyu, har da baƙin mai da ladan mai gyara. Ka ƙiyasta na wata shida. In ragin da kake sa rai bai kai wannan ba, jiran asara ne, ka saya.

Saukar nan iri biyu ce. Ɗaya daga masana'antun ƙasar Sin take, inda ake ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan sola na duniya, kuma kaya sun yi musu yawa. Wannan ragin a hankali yake tafiya. Ɗayar kuwa ta canji ce, ita ce ke ba ni tsoro. A Fabrairun 2024 dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, a Afrilu ta sauko wajen 1,100, mutane suka riƙe kuɗinsu suna jiran ta koma 800. Kafin Mayu ya ƙare ta sake kai wajen 1,500.

Da masara ka tambaye ni, sai in ce ka bari kaka ta yi, don lokacinta sananne ne. Dala ba ta da kaka.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada araha ta ja ka ga batir marar inganci. Nan kuɗin ke nutsewa. In aljihu bai kai ba, sayi inbata mai kyau, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida, da farantai tukuna, tunda yawancin ɗinkinka da rana ne, batir ya biyo baya. Kuma ka gama ciniki kafin bazara ko cunkoson ɗinkin sallah, lokacin da mai shago ba ya sauraron tayi.