Wa ke da hurumin karɓar kuɗin shara a Abuja?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Kubwa. An kawo mini takardar kuɗin shara, wai daga ƙaramar hukuma. Ni kuwa na ɗauka aikin hukumar kare muhallin Abuja ne, wato AEPB. Doka ta ba su wannan iko?

Amsa: Ta ba su, Hajiya. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, tare da Jadawali na Huɗu, ya sanya kwashe shara da kula da ban-ɗakunan jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ƙananan hukumomin Abuja shida, wato AMAC ta cikin birni, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, suna cikin wannan tanadi, Kubwa kuma ƙarƙashin Bwari take. Dokar jerin haraji ta 1998 ma ta ambaci kuɗin shara cikin abin da ƙaramar hukuma za ta iya karɓa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Abuja ba ta da gwamna da majalisar jiha. Minista ke riƙe da ita. AEPB, wadda aka kafa da dokar 1997, ita ke kula da tsakiyar birni, irin su Wuse, Garki da Maitama, galibi ta hannun 'yan kwangila. A garuruwan gefe kuwa aikin yakan cuɗe, shi ya sa wani sai ya ga takarda biyu kan bola ɗaya. A ganina babu hujjar biyan kuɗi sau biyu kan aiki guda. In haka ta same ki, rubuta wa hukumomin biyu, ki haɗa da kwafin rasit.

Kafin ki biya, nemi a nuna miki dokar da majalisar kansiloli ta zartar wadda ta ƙayyade kuɗin. Faɗar baki ba doka ba ce. Ki zuba a asusun hukuma, kada ki danƙa wa kowa tsaba a ƙofar shago.

Batun rage shara kuwa, kundin bai ambaci sake sarrafa leda da robobi ba. Sai dai kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da shaguna duk a hannun ƙaramar hukuma suke, don haka tana iya wajabta wa kowane shago ajiye kwandon shara, ko ta ware wurin tara robobi inda 'yan baban bola za su riƙa ɗauka bisa tsari. In motar shara ta daina zuwa layinku, ofishin duba-gari da kansilan mazaɓarku za ki fara nema.